Ga 'yar uwar da ta yi tambaya a kan ƙanwarta nas

Salamu alaikum 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce ƙanwarki nas ce a ƙaramin asibiti, tunda aka fara kawo musu yara masu mashaƙo ta daina cin abincin kirki, ba ta barci, har tana cewa za ta ajiye aikin, kina son sanin ko ku lallashe ta ko ku ƙyale ta. Wallahi ina karantawa na tuno kaina a 2020.

Ni ma nas ce a asibitin sha-ka-tafi a nan Kano. Ranar 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da mai korona na farko a jihar, kwanaki kaɗan aka sa kulle, ga azumi ya kama, ga mace-macen dattawa da ake ta yi a cikin gari, hankalin kowa ya koma kan manyan asibitoci da wuraren killace mutane, aka manta cewa mai zazzaɓi da tari wajenmu yake fara zuwa, kuma ba mu da abin gwaji, ki tsaya a kansa ki rasa maleriya ce ko ita ce. Takunkumi ɗaya sai in kwana uku da shi, safar hannu da kuɗina nake saya, ruwan wanke hannu sai mun tsayar da mai kura. Awo bai tsaya ba, haihuwa kuma ba ta san kulle ba. Alawus ɗin haɗarin da aka daɗe ana biyan ma'aikatan lafiya naira 5,000 ne a wata a lokacin, ko kuɗin adaidaita bai kai ba.

Amma duk wannan na iya da shi, abin da ya karya ni gida ne. Yarona lokacin shekararsa biyu, surukata tana tare da mu ga hawan jini ga suga. In na dawo tun daga soro nake cire hijabi da takalmi, yaron ya taho da gudu yana miƙo hannu in ce a riƙe shi sai na yi wanka, yana kuka ina kuka a banɗaki. Maƙwabciyata ta hana 'ya'yanta shigowa gidanmu, ban ga laifinta ba amma ya yi min ciwo. A asibiti kuma wani ya kalle ki ya ce korona ƙarya ce kuɗi kuke ci. Sai in kwanta in yi ta lissafin wa na taɓa yau, wa ya yi tari a fuskata, har a kira sahur. Ina kyautata zaton abin da ke hana ƙanwarki barci ke nan, tsoron ta kwaso ta kai wa nata, kuma ba za ta faɗa ba don kar a ce nas guda tana tsoro.

To don Allah kar ku tsaya a "ki yi haƙuri aikin lada ne". Lada akwai in sha Allah, amma ni abin da ya tashe ni shi ne yayata da ta karɓe min girkin buɗa-baki gaba ɗaya, da abokiyar aikina da muke waya kullum bayan isha'i mu amayar da abin da muka gani, da incaj ɗinmu, wato shugabarmu a wajen aiki, da ta gyara jadawalin aiki kowa ta samu kwana biyu a jere tana gida. Ki ɗauke mata wanki da girki in ta yi dutin dare, ki bar ta ta yi barcin rana ba mai tashinta don an yi baƙi, in ta fara ba da labari ki saurara kawai.

Kuma ita tana da abin da mu ba mu samu ba, mu sai Maris 2021 rigakafin korona ya iso Najeriya, mashaƙo kuwa yana da rigakafi da magani. Ki tambaye ta ko ta yi allurar Td, wato rigakafin mashaƙo da ake yi wa manya, ku duba katin rigakafin yaran gidan ko sun cika Penta, allurar jarirai da ta haɗa da rigakafin mashaƙo, ta sati 6 da 10 da 14 da haihuwa, wannan kaɗai yana rage fargaba sosai.

In ta wuce sati biyu ba barci ba ci tana yawan kuka, ku raka ta ta ga likita, ba raunin imani ba ne, a haɗa da addu'a. In kuwa ta taɓa cewa gara ta mutu, a ranar za ku kai ta.

Maganar ajiye aiki, ta fara neman hutunta na shekara tukuna. Ni har takardar na rubuta na sa a jaka, da na samu sati biyu na yi barci sai na ga ba aikin na tsana ba. In ta huta ta ce har yanzu tafiya za ta yi, ku bar ta kar ku goranta mata. Ki gaishe min da ita, Allah ya tsare ta.