Hukuncin yawan zuwa awo ga mai tsohon ciki da hawan jini

Tambaya: Malam, cikina ya shiga wata 8, kuma ina fama da hawan jini. Likita ta ce in riƙa zuwa duk mako a saurari bugun zuciyar jariri, a yi hoto. Surukata ta ce rashin tawakkali ne, Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin mahaifa. Maigidana ya fara karkata ga maganarta. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah Ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Zuwan halal ne, a halin da kike ciki kuwa ya kai wajibi, domin rai biyu ake tsaro. Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim ya nuna ana busa wa ɗan tayi rai bayan kwana 120, saboda haka wanda kike ɗauke da shi amana ne mai haƙƙi.

Hawan jini yana iya rage jinin da ke isa ga yaro ta mabiyiya, yaron ya galabaita, uwa ba ta sani ba. Shi ya sa ake ɗaura miki na'ura a ciki kamar minti 20, a ga ko zuciyarsa na bugawa tsakanin 110 da 160 a minti, a auna girmansa da ruwan da yake kwance a ciki. Ke ma ana dubawa kada jijjiga ta same ki.

Ayar da surukarki ke nufi, ƙarshen Suratu Luƙman, gaskiya ce. Sai dai sanin Allah ya game ajalin yaron da arzikinsa da makomarsa, likita kuwa abin da ya riga ya wanzu take gani, da ilimin da Allah Ya ba ta. Kuma Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. A yi wa surukar bayani cikin ladabi, ƙauna ce ta sa ta magana.

Maigida ba shi da ikon hana ki, domin ƙa'ida ita ce ba cuta ba cutarwa. Kamata ya yi ya raka ki. In ba a samu likita mace ba, namiji ya duba gwargwadon buƙata ba tare da keɓewa ba, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta zartar a Burunai a 1993.

Duk ranar da kika ji motsin yaro ya ragu, ko kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin ido, ki tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, kada ki jira ranar awo. Allah ne Mafi sani.