Amsa ga 'yar'uwar da ta riga ta ɗora labarinta a Facebook

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya, kin ce kin gama gajeren labari kina son tura wa mujallar adabi amma kin riga kin ɗora shi a Facebook, shin za su karɓa? Gaskiya yawancinsu ba za su karɓa ba, ni kuma da kaina abin ya taɓa faruwa da ni shi ya sa na ce bari in zauna in amsa miki a tsanake.

Labarina na farko da wata mujalla ta ce tana so, wata huɗu na yi ina jira, ranar da imel ɗin ya shigo hannuna har rawa yake, sai a ƙasan saƙon editar ta ce in tabbatar mata ba a taɓa buga shi ko'ina ba, ko da a shafina ne. To na san na taɓa ɗora shi kashi uku a shafina, mutane sun yi ta sharhi. Na faɗa mata gaskiya, ta amsa da mutunci ta ce ba za su iya ba, in turo wani. Wallahi kwana biyu ban iya buɗe kwamfuta ba. Abinda ban gane ba lokacin shi ne mujalla haƙƙin bugun farko take nema, tana so ya zama a wajenta aka fara karanta shi, duk abinda jama'a suka riga suka gani a wajensu bugagge ne ko mutum goma ne suka karanta. A ɓangaren gasa kuma, ta Commonwealth ta gajerun labarai wanda ba a buga ba take karɓa, kalma 2,000 zuwa 5,000. Ita kuwa gasar Caine ta marubutan Afirka akasin haka ce, sai wanda aka riga aka buga kuma waɗanda suka buga shi ne ke turawa ba ke ba, kinga amfanin fara shiga mujalla kenan.

Wannan naki kar ki goge shi a ɓoye ki tura kamar ba komai, in suka gano daga baya sunanki ne zai ɓaci. Akwai masu karɓar wanda aka taɓa bugawa, suna rubutawa a ƙa'idojinsu, ki nemi irinsu ki faɗa musu tun a wasiƙar farko.

Sannan dan Allah kafin ki tura ko'ina ki karanta abinda suke bugawa, ko labari uku ne. Mujallar Omenana misali labaran kimiyya da na mamaki suke so, ki tura musu soyayya zalla kin ɓata lokacinki, Lolwe da Isele kowace da irin nata, Granta da Paris Review kuwa dubbai ke tura musu, ba wai kar ki gwada ba amma kar ki ɗora duk burinki a kansu. Ƙa'idojin nan ki bi su ɗaya bayan ɗaya, adadin kalma, fayil ɗin Word, wasu su ce ki cire sunanki daga cikin labarin gaba ɗaya, wasu ta Submittable, shafin intanet na tura rubutu, kawai suke karɓa ba ta imel ba. Wasiƙar gabatarwa layi huɗu ya isa, sunan labarin, yawan kalmominsa, ke wacece, kar ki tsaya yi musu bayanin ma'anarsa.

Jira kuma sai haƙuri, wata uku zuwa shida ba abin mamaki ba ne. In sun yarda a tura wa wasu a lokaci guda ki tura wuri huɗu ko biyar, ki rubuta a littafi wa kika tura wa da yaushe, da zarar ɗaya ta karɓa ki janye daga sauran a ranar. Wanda na rubuta bayan wancan sau bakwai ana dawo min da shi kafin ya samu shiga, a na biyar ne wani edita ya ƙara min layi ɗaya cewa farkon ya yi tsawo, na yanke shafi biyu. Duk wanda ya ce ki biya shi kuɗi don ya buga miki, ki bar wajen.

In kin fara sabo ki riƙe shi a wayarki, ki ba mutum biyu da kika yarda da su su karanta, in kina so ki min magana ta gefe zan duba miki.