Amsa kan gadon hawan jini da abin da ke hannun mutum

Malam, ka ce mahaifinka da yayarka duk suna fama da hawan jini, kana tambaya ko kai ma ba makawa sai ya same ka. Gado yana da tasiri ƙwarai, domin wanda iyayensa ke da cutar ya fi saurin kamuwa, amma abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa, kuma sau da yawa 'yan gida ɗaya tukunya ɗaya suke ci, saboda haka har ɗabi'ar cin gishiri ake gada.

A nan ne nake ganin ya kamata ka fi mayar da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, alhali dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya mafi yawansa gishiri ne, yajin tsire da kilishi ma suna ɗauke da gishiri, har kanwa ma tana ɗauke da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri mai ƙara hawan jini. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, ya matsa wa jijiyoyi. Wake da ayaba da alayyafo kuwa suna da sinadarin fotashiyam, wanda ke taimaka wa ƙoda ta fitar da sodiyam.

Ƙiba, musamman tumbi, tana ƙara wa zuciya aiki, kuma rage ko da kilo biyar yakan saukar da awon hawan jini. Tunda cutar ba ta cika nuna alama ba, ka riƙa zuwa awo, idan ya yi ta kai 140/90 ka ga likita.