Tambaya da Amsa: Yaya Aka Yi Tonawa Suka Cika Coci Cikin 'Yan Shekaru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni ɗaliba ce a nan Kumasi. Malaminmu na tarihi ya ce a farkon shekarun 1920 mutanen Asante, wato Tonawa, suka riƙa shiga Kiristanci dubu-dubu. Abin ya ɗaure mini kai, don Musulmi sun riga 'yan mishan zama a garin nan. Turawa ne suka tilasta musu? Me abin ya haifar, kuma ina mutanen zango suke lokacin? Daga 'yarka a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ki ajiye zancen tilas a gefe. Bindigar Bature ta ci Kumasi, amma ba ita ta cika coci ba. Wani ɗan mishan na Metodis, Thomas Birch Freeman, ya shigo garin nan tun 1839, aka karɓe shi da mutunci, aka hana aikinsa yin saiwa. Fasto Ramseyer na mishan ɗin Basel, wanda ya taɓa zama fursunan Asante daga 1869 zuwa 1874, ya dawo a 1896 ya kafa nasa a Adum. Duk da haka shekaru suka yi ta wucewa, masu zuwa coci ba su taka kara sun karya ba, yawancinsu ma baƙi ne daga bakin teku, akawuna da masu sana'a. Wanda ya girgiza ƙasar nan baƙar fata ne, bai kuma san ko bihim a boko ba.

Kafin in kai gare shi, dubi halin da ake ciki. A 1896 Turawan Ingila suka kama Sarki Prempeh na ɗaya, daga baya suka kai shi tsibirin Seychelles. A 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa da Turawa, Tonawa suka sha kashi. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Sai ga koko. Saurayin da a da ba ya iya ɗaga ido gaban kawunsa ya wayi gari da gona da kuɗinsa na kansa, ga shi kuma a al'adar Tonawa ɗan 'yar'uwa ne ke gado, ba ɗan cikin mutum ba. Kuɗi ya shigo gida, zargi ya biyo shi. Yaro ya mutu, ko gona ta ƙi, sai a ce wata a cikin dangi ce ta ci. Tsoron maita ya yi yawa har mutane suka riƙa tururuwa wuraren tsafi masu kama mayu, irin su Aberewa, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta haramta a 1908. A kan wannan duka annobar mura ta 1918 ta sauka, ta kwashi dubban rayuka, boka da likita kowa ya rasa abin yi. Mutane na neman wanda zai tsare su, ɗan mishan kuwa abin da yake faɗa musu shi ne babu mayu, camfi ne. Wa zai bi mai ce masa ciwon da ke hana shi barci ƙarya ne?

Wanda ya fara nuna hanya ɗan Laberiya ne, William Wadé Harris. A kurkuku, a 1910, ya ce Mala'ika Jibrilu ya zo masa. Daga 1913 ya kama tafiya a bakin teku, da farar riga da rawani, gicciyen gora a hannu, da ƙwaryar ruwan baftisma, mata na biye suna waƙa suna kaɗa caki. Ya ratsa Kwaddibuwa, ya shigo ƙasar Nzema har Axim a 1914. Shi bai ce babu aljanu ba. Cewa ya yi akwai su, amma Allah ya fi su, ku kawo gumakanku a ƙone mu gani. Mutum fiye da 100,000 ya yi wa baftisma kafin Faransawa su kore shi.

Namu na nan shi ne Sampson Oppong, mutumin Akontanim ta wajen Dormaa. Matsafi ne a da, ya yi leburanci a Kwaddibuwa, ya ci kuɗin abokan aikinsa aka ɗaure shi, shi ma a ɗaure ya ce ya fara ganin wahayi. Ya fito wa'azi da baƙar riga da gicciyen gora, da wani dutse da yake dubawa yana kawo ayoyin Baibul alhali bai iya karatu ba. Mutanen Basel suka ce ba su yarda da shi ba. Wani Baturen Metodis a Kumasi, W. G. Waterworth, ya fi su wayo: a 1920 ya jawo shi jiki suka riƙa zagaya ƙauyuka tare, Oppong na tsawa yana tara layu da guraye ana cinna musu wuta, shi kuma yana rubuta sunaye. Cikin shekara biyu cocin ta ƙidaya baftisma wajen 10,000.

Ki lura da abin da ya biyo baya, don nan ne nake so ki tsaya. Dubban sababbin shiga suna buƙatar mai koya musu, malamai kuwa babu. Shi ya sa Metodis suka kawo kwalejin horar da malamansu Kumasi, aka buɗe Wesley College a 1924, tana nan kan hanyar Tafo har gobe. A shekarar ce kuma Prempeh ya dawo gida, ya riga ya zama Kirista ɗan Angilika tun a can. Duk wanda ke jin kunyar shiga coci saboda sarauta, kunyar ta ragu. Ƙauyen da ya gina ɗakin ibada sai ya nemi makaranta, makaranta ta fitar da akawu da malamin aji da ma'aikacin jinya. Wani ya yi shuka, wani ya ci girbi: jahili ya buɗe ƙofar, masu takarda suka gaje gidan. Shi Oppong ɗin ma bai daɗe ba, giya ta kayar da shi, ya saɓa da cocin, ya koma garinsu ya ƙarasa rayuwarsa yana wa'azi a ƙaramin mataki.

Ba lami lafiya aka yi ba. Sababbin Kiristoci suka ce ba za su bar zuwa gona ranar Alhamis ba, ranar da al'ada ta keɓe wa Asase Yaa, uwar ƙasa da Tonawa ke bauta wa, ba za su yi hidimar kujerun kakanni ba. Sarakuna suka ce to ku da wa kuke? Gwamnati ta raba gardamar da cewa kada a tilasta wa Kirista tsafi, amma aikin gayya na sarki wajibi ne. Wasu kuma da suka ga mishan ba ta son warkarwa da annabci sai suka ware. Daga almajiran Harris, Grace Tani da John Nackabah, aka sami cocin Twelve Apostles. Musama Disco Christo ta fito daga cikin Metodis a 1922. Amon da ke tashe ki daga barci ranar Lahadi yana da dangantaka da wannan zuriyar.

Mu kuma fa? Muna zango muna ɗaure huhun goro. Kakana fatauci ya kawo shi, kuma abin da na ji daga bakin mahaifina shi ne ba su ɗauki abin a bakin komai ba, rikicin masu gari ne. Gaskiya ce Musulmi sun daɗe a fadar Asantehene, Sarkin Asante, amma aikin da aka san su da shi rubutu ne da addu'a da laya, irin waɗanda aka ɗinke a jikin rigar yaƙin sarki. Tonawa sun sayi kariyar malam ba tare da sun ɗauki sallarsa ba, malaman ma ba su fita ƙauye wa'azi da yaren mutane ba. Da makarantun mishan suka yawaita, iyayenmu suka ƙi kai 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu duka ba, don yaron da ya shiga da suna Musa yana iya fitowa Moses. Ni kaina sai da kawuna ya yi mako yana rarrashin mahaifina kafin a bar ni in sa wandon makaranta. Tsadar wannan ƙin ita ce muka yi shekaru muna kai wa maƙwabta wasiƙa su karanta mana. 'Yan Ahmadiyya, da suka sauka Saltpond a 1921, su suka fara haɗa boko da addini, suka buɗe sakandarensu a Kumasi a 1950. Sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana kuwa sai a 1987 aka kafa shi, shekara 63 bayan Wesley College.