Amsa ga ƙanwarmu da aka gayyata shirin hoto a talabijin

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na kasa wucewa. Kin ce wani gidan talabijin a nan Kaduna ya kira ki shirinsu na masu ɗaukar hoto in sun yi tafiya, za a nuna hotunanki wani ƙwararre ya yi gyara a gaban jama'a, ke kuma waya kawai gare ki, kina tsoron a yi miki dariya. Ki je. Amma don Allah ki je da sharaɗinki, domin abin nan da kike tsoro ni ya same ni.

Bara aka kira ni irin wannan shirin. Mai shirya shi ya ce in turo hotuna ta WhatsApp don su gani kawai, ranar ɗauka in zo da na asali. Na zo da su a filashi, ko karɓa bai yi ba, ya ce babu lokaci. Sai da aka kunna fitilu, aka maƙala mini makirufo a mayafi, sannan na ga hotona na ruwan Matsirga a babban allo. Wancan na WhatsApp ɗin ne, wanda ya riga ya matse, kuma a tsaye na ɗauke shi, su suka ja shi ta gefe don ya cika allo. Ruwan ya dagule, duwatsun sun yi faɗi, ni kaina da ƙyar na gane shi. Matsirga fa, can wajen Kafanchan. Kuɗin motata na tara na je, na kwana gidan 'yan'uwa, na fita da sassafe don in samu hasken safiya a kan ruwan.

Baƙon da suka kawo ya kalli hoton, bai ko kalle ni ba, ya ce abin da yake faɗa ke nan kullum, masu waya ne suka ɓata sana'a. Mai gabatarwa ta yi dariya. Na ce musu ba haka hoton yake ba, ga na asali a jakata. Wallahi na faɗa, kowa a ɗakin ya ji. Ranar da aka sa shirin, an yanke wurin. Abin da aka bari shi ne maganarsa, da dariyarta, da fuskata na yi shiru. Mahaifiyata ta tara maƙwabta a Tudun Wada su ga 'yarta a talabijin. Da na shiga gida ba ta ce komai ba sai sannu, sannun nan ta fi maganar mutumin yi mini ciwo. Na daɗe ban iya ɗaga waya in ɗauki ko da yaran gidanmu ba. Har yau in na tuna yadda ya juya kujera ya ba ni baya yana magana da kyamara, raina ɓaci yake. Gyara aka kira shi ya yi, bai gyara komai ba. Bai ce hasken ya yi yawa ba, bai ce na tsaya a inda bai dace ba, waya kawai ya zaga.

Bayan duk wannan, hotona na dutsen Kufena da na ɗauka a Zariya suka sa a farkon shirin kowane mako, babu sunana. Da na kira, sai aka ce ai na sa hannu a takarda. An miƙo mini ita ana cewa a yi sauri, fitilu na jira.

To ke, ki ce su turo miki takardar nan tun kafin ranar, ki karanta a gida. Hotonki naki ne, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana bayanki, sai abin da kika sa hannu kika bayar. Ki ce a rubuta cewa a wannan shirin kaɗai za a yi amfani da su, da sunanki a jiki. In sun ƙi, kin san da wa kike hulɗa. Ki tambaye su ko shirin na kai tsaye ne, ko kuwa ɗauka za a yi a tace. Kar ki tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, ki tura shi a matsayin fayil ko ta imel, don kar ya matse. Ki zaɓi waɗanda kika ɗauka da waya a kwance, allon talabijin a kwance yake. Ki ce sai kin gan su a allonsu kafin a fara.

Abin da na ƙaru da shi ranar, wurin mai riƙe kyamararsu na samu, Allah ya saka masa da alheri. Shi ya biyo ni waje ya ce in nuna masa na asalin. Ya kunna mini layukan nan da ke raba allon waya gida tara, ya ce in riƙa ɗora abin da nake so a gani a inda layuka suka haɗu. Ya ce in daina janyo abu da yatsu, in taka in matsa kusa. In goge idon kyamara kafin kowane ɗauka, musamman da hunturu da ƙura ke liƙe komai. Da wannan na koma wurin shaƙatawa na Gamji a nan Kaduna na ɗauki gadar Gwamna Lugga, wadda aka ɗauko daga Zungeru, bayan la'asar da rana ta yi sanyi, kuma ya fi duk abin da na taɓa ɗauka kyau. In kina jirgin ƙasa daga Rigasa kina son ɗaukar hoto ta taga, ki manna wayar a jikin gilashi, inuwarki ba za ta fito ba.

Wani abu kuma, tunda garin nan cike yake da barikoki, kar ki ɗaga waya kusa da su ko shingen jami'an tsaro, ko don shirin ne. Hotunan mutane ma ki duba. In akwai wata baiwar Allah da kika ɗauka a kasuwa ko wajen hawan Sallah ba ki nemi izininta ba, kar ki kai ta talabijin, ba ki san halin gidanta ba.

Kar ki sa atamfa mai ƙananan layuka, rawa take yi a kyamara. Ki tafi da wani naki ya zauna gefe ya naɗi komai a wayarsa, ki sanar da su tun farko za a naɗa. In ba ki da mai raka ki, ki faɗi ranar a nan zauren, ni zan zo in sha Allahu. Ki sa mana hotunan da kika zaɓa mu duba tare kafin ki tura musu.