Wake da hot dog a ɗakin ɗalibi a Amurka: me ke cikin gwangwanin, kuma yaya ake dafa shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya iyali? Ni ɗalibi ne, ina karatun digiri na biyu a jihar Ohio ta Amurka. Ɗan abin da makaranta ke ba ni, da zarar na biya kuɗin haya saura kaɗan ke ragewa, ga shi sai dare nake dawowa a gajiye, ga sanyi. Abokin zamana Bature ne. Sai in ga ya buɗe gwangwanin wake ya yayyanka hot dog a ciki, kafin in idar da isha'i har ya ci ya wanke kwano. Ya ce da shi aka raine shi. Ƙamshin yana jan hankalina, amma ban taɓa sa hannu ba don ban san abin da ke ciki ba. Musulmi zai iya cin wannan abincin? Yaya ake haɗa shi? Zan iya yi da irin wakenmu na gida? Kuma akwai illa in na mai da shi abincin kullum?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka yi daidai da ba ka sa hannu a kwanon abokinka ba. In dai irin gwangwanin da Amurkawa suka fi saye ne ya buɗe, to akwai naman alade a cikin waken tun kafin a zo maganar hot dog ɗin. Amma kai ma za ka iya haɗa naka na halal cikin minti 20, kuma in ka kula da abin da zan gaya maka, ina ganin abokin naka zai fara leƙo tukunyarka.

Abincin tsoho ne a wurinsu. Waken ya samo asali ne daga yankin arewa maso gabashin ƙasar, wajen birnin Bostan. Kiristocin da suka yi hijira daga Ingila a shekarun 1600 ba sa girki ranar Lahadi, don haka matansu kan ɗora wake a tukunyar ƙasa tun ranar Asabar, ya jima a tanda, a ci da dare, a ci sauran washegari. Suna jefa masa kitsen alade mai gishiri, daga baya kuma suka riƙa zuba molasis, wato baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an cire sukari, wanda jiragen ruwa ke kawowa daga tsibiran Karibiyan. Shi kuwa hot dog ɗin, wato dogon sosej na niƙaƙƙen nama, baƙi Jamusawa ne suka shigo da shi a ƙarni na 19, ya zama abincin talaka a kan titi. A 1916 Nathan Handwerker yana sayar da guda a kan santi 5 a Coney Island da ke birnin New York. Da kamfanoni irin su Heinz da Van Camp's da Bush's suka zuba waken a gwangwani, sai haɗa su biyun ya zama abin da uwa ke yi wa yara ranar da aljihu ya yi sanyi. Van Camp's har haɗaɗɗe suke sayarwa da sunan Beanee Weenee. Na kawo maka wannan ne don ka gane daga ina matsaloli biyun da za ka ci karo da su suka fito: alade da zaƙi. Duka biyun gado ne, kuma har yau suna cikin gwangwanin.

Mu fara da aladen, don aikinsa a kanti ake gama shi, ba a kicin ba. Ka juya gwangwani ka karanta jerin kayan haɗin da ke baya, kada ka tsaya a hoton gaba. Duk inda ka ga pork, bacon, ham ko lard, naman alade ne ko kitsensa, ajiye shi. Na Bush's da aka rubuta wa Original akwai bacon a ciki, amma suna da wanda aka rubuta wa Vegetarian, haka ma Heinz, kuma shi za ka ɗauka. Akwai kuma wasu masu ɗanɗanon bourbon, sunan giya ne, ka bar musu abinsu.

Hot dog ya fi buƙatar ido. Mafi arharsu gauraye ne na kaza da talotalo da alade, wani lokaci hoton kaza ne ko sunanta a gaba, aladen yana can a layi na biyu. Wanda aka rubuta wa all beef naman shanu ne zalla, amma rubutun dabbar kawai ya gaya maka, bai gaya maka yadda aka yanka ta ba. Sannan akwai fatar da ake ɗura naman a ciki. In ka ga natural casing, hanjin dabba ne, yana iya zama na tunkiya yana iya zama na alade, kuma dokar ƙasar ta sa a rubuta dabbar idan ta bambanta da naman da ke ciki, don haka ka duba. Wanda aka rubuta wa skinless ba shi da wannan fatar. Hanya mafi kwanciyar rai ita ce ka je kantin Larabawa ko na 'yan Pakistan ko na Somaliyawa, kuma a Ohio, musamman birnin Columbus, Somaliyawa suna da yawa, ka sayi mai tambarin halal. Musulmi da dama a can suna cin na yankan Yahudawa, irin su Hebrew National, suna kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi. Ni mai girki ce, ba mai fatawa ba, wannan sai ka tambayi limamin masallacinku.

Na halal ɗin ya fi tsada, ba shakka. To amma a nan ne nake son ka sauya tunani. Abokinka wataƙila yana juye fakiti guda a gwangwani guda. Kai ka ɗauki waken a matsayin abincin, hot dog kuwa mahaɗi ne, kamar yadda ake jefa ɗan busasshen kifi a faten wake don ya ba shi ƙamshi. Guda 4 sun ishi babban gwangwani mai oza 28, kusan giram 800 ke nan, kuma tukunyar za ta yi maka ci uku. Sauran ka jefa a firiza.

Ga yadda nake so ka yi. Ka yanka hot dog ɗin a karkace, kaurin yatsa. Ka ɗora tukunya mai kaurin gindi da mai cokali 1, in ya yi zafi ka zuba su, ka ƙyale su ba juyawa har gefen da ke ƙasa ya yi ja, sannan ka juya. Wannan suyar ita ce rabin daɗin abincin, kuma ita ce mafi yawan masu gaggawa suke tsallakewa. Sosej ɗin da aka jefa cikin wake haka nan kumbura kawai yake yi, ya yi laɓo-laɓo, gishirinsa ya tsiyaye. Wanda aka soya kuwa yana sakin kitsensa a tukunya. Ka kwashe shi, ka zuba babbar albasa 1 da tattasai 1 a cikin wannan kitsen, su yi minti 5 ko 6 har albasar ta yi laushi ta fara ja. Sai tafarnuwa ƙwaya 2 da rabin attarugu. A can habanero za ka nema, shi ne ɗan'uwansa. Ka ƙara tumatirin gwangwani cokali 2 ka soya shi minti 1 don ɗanyen tsaminsa ya mutu.

Yanzu ka juye waken da romonsa, ka mayar da hot dog ɗin, ka zuba ruwa kamar rabin kofi. Ka rage wuta sosai, ya yi minti 10 zuwa 15 yana ɓararraka a hankali. Ka riƙa juyawa daga gindi, domin sukarin da ke cikin romon yana saurin kamawa, kuma in ya ƙone ɗacin ba ya fita.

Saura zaƙin. Bakin Bahaushe bai saba da wake mai sukari ba, kuma littattafan girkinsu cewa za su yi ka ƙara jan sukari da kecaf a kai. Kada ka ƙara ko ƙwaya. Abin da ke karya zaƙi tsami ne da yaji: mastad cokali 1 da ruwan khal ƙaramin cokali 1, ko ka matsa rabin lemon tsami bayan ka sauke. Kada ka sa gishiri ko dunƙule sai ka ɗanɗana, kuma da wuya ka buƙace su. Ƙamshin hayaƙin da kake ji daga tukunyar abokinka na bacon ne. Rabin ƙaramin cokali na garin paprika mai hayaƙi zai ba ka irinsa. In an aiko maka da daddawa daga gida, ɗan mitsitsi a wurin suyar albasa ya fi paprikar ma a wurina, sai dai ka buɗe taga saboda abokin zama.

Ranar da ba ka gaggawa, ka juye haɗin a faranti mai jure wuta ka sa a oban a kan 350 na ma'auninsu, kusan 177 a namu na salshiyos, minti 30 ba murfi. Saman yakan yi duhu ya ɗan daskare, romon ya yi kauri. Su da burodin masara ko baƙin burodi suke ci. Kai ka zuba a kan farar shinkafa, ya fi riƙe ciki, kuma shinkafar tana shanye sauran zaƙin.

Batun wakenmu, ƙwarai kuwa za ka iya. Wanda ke cikin gwangwaninsu ƙaramin farin wake ne da suke kira navy, jinsinsa daban da namu. Namu kuwa yana nan a kowane kanti da sunan black-eyed peas, kuma daga Afirka ta Yamma ya je can a zamanin cinikin bayi. Baƙar fata na kudancin ƙasar har yau da shi suke buɗe sabuwar shekara, haɗe da shinkafa. Ya fi nasu saurin nuna, ba ya buƙatar jiƙo, minti 45 zuwa awa 1 ya yi laushi, sai dai yana saurin farfashewa, don haka abincin zai fi kama da fate. Navy kuwa sai ka jiƙa shi ya kwana, sannan ya sha wuta fiye da awa 1. Busasshen wake shi ne arhar gaske: leda mai fam 1, giram 454, tana ba da kusan kofi 6 na dafaffe, daidai da ƙananan gwangwanaye 3 zuwa 4. Ka dafa duka ranar hutu, ka rarraba a robobi, ka daskarar. Kuma a nan kai ne mai iko da sukari da gishiri. Cokali 1 na molasis ko zuma ya isa tukunya.

Abu guda da zai iya ɓata maka dare: kada tumatir ko ruwan khal ko molasis su taɓa waken kafin ya nuna. Tsami yana ƙarfafa ɓawonsa, molasis kuma yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da ke yin irin wannan aikin, sai ka yi ta ƙona gas wake yana nan tsai. In babu kanwa, rubu'in ƙaramin cokali na bekin soda yana yin aikinta. In kuma wata rana ka sayi babban jan waken nan mai siffar ƙoda, lallai ya tafasa sosai na aƙalla minti 10, domin ɗanyensa yana da gubar da ke sa amai da gudawa, kuma tukunyar lantarki mai dafawa a hankali ba ta kai zafin da zai kashe ta ba.

Tambayarka ta ƙarshe, amsata a'a ce, kada ya zama na kullum, kuma ba waken ne matsalar ba. Hot dog ɗaya na shanu yakan ɗauki sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wajen miligiram 500. Rabin kofi na waken gwangwani yakan kai wajen 550, da sukari kusan giram 12, ƙaramin cokali 3 ke nan. Saurayi mai jin yunwa ba rabin kofi yake ci ba. Ka ce kofi ɗaya da rabi da hot dog 2, ka ga a kwano guda ka haura miligiram 2,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai a yini. Sannan a 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta hukumar, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta saka sarrafaffen nama irin su sosej cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar hanji, ta ce cin giram 50 kullum, wato kusan hot dog ɗaya, yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Kalmar da za ka riƙe a nan ita ce kullum. Sau ɗaya ko biyu a mako, da guda ɗaya da ɗoriya a kwano kamar yadda na auna maka, ba abin ɗaga hankali ba ne. Sauran ranakun ka bar tukunyar waken yadda take, ka sauya mahaɗin: dafaffen ƙwai, kifin gwangwani, ko niƙaƙƙen naman shanu da ka soya da albasa. In waken gwangwani marar romo ka saya, ka tsiyaye ruwan ka ɗauraye shi, gishiri mai yawa yana tafiya da ruwan.

Ga masu iyali da ke karanta wannan, yaro ɗan ƙasa da shekara 4 ba a ba shi hot dog yankan ƙawanya, domin faɗinsa daidai yake da maƙogwaronsa. A tsaga shi a tsaye gida huɗu sannan a yayyanka ƙanana. Mai juna biyu kuma kada ta ci shi da sanyi ko da an rubuta dafaffe ne, sai ya yi zafi yana tururi, saboda ƙwayar cutar listeriya da ke iya rayuwa har cikin firij.

Abin da ya saura a tukunyarka kada ya wuce awa 2 a waje. Ka juye a roba mai murfi, zai yi kwana 3 zuwa 4 a firij, kuma wurin ɗumame ka ƙara ruwa cokali 2 ko 3 don waken yana shanye romonsa in ya kwana. Fakitin hot dog ɗin da ka buɗe mako 1 ne wa'adinsa a firij, a firiza kuwa wata 1 zuwa 2.