Na share ƙamus a Python amma tsoffin bayanai sun ƙi tafiya

Tambaya: Malam, na rubuta ƙaramar manhaja da Python don lissafin ciniki a shagon yayana. Kayan da mai saye ya ɗauka ina zuba su a ƙamus (dict, ma'ajiyar bayanai a Python) mai suna kwando, sunan kaya a matsayin mabuɗi, farashi a matsayin ƙima. Akwai fankshan da nake miƙa wa kwandon bayan kowane ciniki, a cikinsa na rubuta kwando = {} (wato ƙamus marar komai) don in share shi, amma jiya an karɓi kuɗin wata mata har da na kayan wanda ya riga ta, kuma hankalin yayana ya tashi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara neman matar nan a mayar mata da haƙƙinta. Gyaran kuwa layi ɗaya ne: ka sauya wannan layin da kwando.clear().

Kuskuren da ka faɗa ciki shi ne wanda na fi gajiya da gani wurin masu koyo, wato zaton cewa kwando = {} da kwando.clear() abu ɗaya suke yi. A Python suna ba mazubi ba ne, takarda ce da aka liƙa a jikin buhu. Idan ka rubuta kwando = {}, ba ka zazzage buhun ba, ɓare takardar ka yi ka liƙa ta a jikin sabon buhu wanda babu komai a ciki, alhali tsohon yana nan maƙil da kaya a hannun duk wanda ke riƙe da shi. A cikin fankshan kuwa abin ya fi muni, domin sunan da ka sauya na cikin fankshan ɗin ne kaɗai, yana ƙarewa sabon ƙamus ɗin ya ɓace, na waje kuma ko taɓa shi ba a yi ba. Python ba za ta yi maka gargaɗi ba, tunda a wurinta ba ka saɓa wata ƙa'ida ba, shi ya sa ake gano ɓarnar a aljihun mai saye. Kada ka tsaya ga maganata: buga id(kwando), wato lambar shaidar ƙamus ɗin, kafin layin da bayansa, za ka ga lambar ta canza, amma da clear() tana nan yadda take.

Sai dai clear() ma tana da nata kaifin, domin duk mai riƙe da ƙamus ɗin zai tarar da shi fayau. Idan kana tara cinikin yini da tarihi.append(kwando), to sharewar za ta haɗa da abin da ka ajiye, don haka ka ajiye kwando.copy(), ko copy.deepcopy(kwando) idan akwai jeri ko wani ƙamus a cikinsa. Kada ka rubuta kwando = kwando.clear(), domin clear() ba ta dawo da komai sai None, wato babu. Kada kuma ka bi mabuɗai da for kana goge su ɗaya bayan ɗaya, manhajar za ta tsaya da RuntimeError saboda girman ƙamus ya canza ana tsakiyar zagaye.

Kafin ka mayar da manhajar shago, ka gwada ciniki biyu a jere, ka tabbata len(kwando), wato yawan kayan da ke ciki, ya koma 0 a tsakaninsu kuma tarihin cinikin farko bai goge ba.